Alawayyon da Yaya Umaru Ya Ɗauko daga Kumasi

Yanzu idan na idar da sallar la'asar, sai in jawo kujerata ta roba gindin dalbejiyar tsakar gida, in zauna ina sauraron unguwa. Ba wani abin saurare ba ne, wallahi. Ƙarar janareton maƙwabta ce, da 'yan kabu-kabu suna zuba hon a titin Gwadangaji nan Birnin Kebbi, sai talabijin ɗin falo da nake bari a kunne don kada gidan ya yi mini shiru da yawa. Gida ne mai kyau, ban raina ba. Ɗana Faruku ya gina mini shi daga ƙasar Turawa inda yake aikin asibiti. Ya sa aka ɗaga katanga har ba a hango kan mutum, aka naɗa mata waya mai ƙaya, aka sa ƙofar ƙarfe da sai na sa hannu biyu nake iya tura ta. Ya ce don tsaro. To, tsaron ya yi, don ko sallamar mai talla ba ta shigowa. A nan nake ni kaɗai tun da Malam, maigidana, ya riga mu gidan gaskiya, kuma abu guda nake jira: Faruku ya zo, ya kawo mini 'yarsa da aka sa wa sunana, in ɗora ta a cinya tun ina da ƙarfin ɗorawa. Yarinya har ta shiga makaranta, ban taɓa jin nauyinta ba. Abin da ya tsare su kuwa ba kuɗin jirgi ba ne, ba kuma rashin so ba. Labarai ne.

Ni a Argungu aka haife ni, a unguwar da ke gangare wajen gulbi, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi kuma tufafin kowa ke ƙamshin hayaƙin banda. Ba agogo ke tashe mu ba. Kwaɗin fadama za su yi ta yi har su gaji, sai ladan ya karɓa, sai ka ji itacen tuƙi yana dukan cikin jirgi, masunta sun fara fita. Kafin rana ta ɗaga, turame sun amsa daga kowane gida, kuma ina iya gane gidan da ake casar shinkafa da gidan da ake surfen gero daga sautin taɓarya kawai. Aikinmu na 'yan mata bai da ranar hutu. Mu ɗebo ruwa da tulu, mu fere kifi har yatsu su yi fari, mu juya shi a kan banda idanu suna zubar da hawaye. Idan shinkafa ta fara nuna sai a kora mu fadama korar tsuntsaye, kowa da gwangwaninta cike da tsakuwa, muna kaɗawa muna ihu har murya ta dishe. Muna ta ƙorafi a lokacin, muna cewa wahala. Yau da za a ce ga gwangwanin, ga fadamar, ga ƙawayen nan nawa da duk sun kwanta dama, da gudu zan je, ko da gwiwoyin nan za su kasa a hanya.

A wancan zamani labari da ƙafa yake zuwa. Mai jirgi ya kawo shi daga ƙetare, ko matan da suka ci kasuwar ƙauye, ko direban babbar mota da ya kwana a tasha. Labari yana da fuska, kana iya kallon idon mai shi, kana iya tsare shi da tambaya. Innata kuwa, Allah ya jiƙanta, ba a kawo mata magana a tashi lafiya. Sai ta ajiye muciya ta dubi mutum ta ce, "Wa yah hwaɗa miki? Ita ta gani da idonta, ko ita ma hwaɗa mata anka yi?" Idan labarin ya tsira daga tambayoyinta, kuma ya zamo na asara ne, gobara ko rasuwa ko jirgi ya kife, to ba a sake wata magana. Za ta ɗaure 'yar shinkafa ko busasshen kifi a gefen zane, ta yafa mayafi, ta kama hanya. Jaje ba a aika shi, sai wanda ƙafarsa ta mutu. Haka muka taso muka gani. Idan ka ji abu ya sami naka, wurin za ka nufa, ko ana ruwa ko ana rana, ka zauna a tabarmarsa, ko ba ka ce uffan ba ya ga ka zo. Babana shi ma haka yake da gulbi. Idan damina ta yi nisa mutane suna ta cewa ruwa ya taso, ruwa zai ci gari, shi ba ya musu da kowa. Kara yake kafawa a bakin gaɓa, kullum da safe ya je ya duba inda ruwan ya kai a jikinsa, ya dawo ya ce mana a kwashe kaya ko a bar su.

Sai rediyo ta shigo unguwarmu. Ta Malam Sani tela ce, ya ɗinka mata riga da ragowar yadi har da maɓalli, batiranta kuma yakan jera su a rana kamar ana shanyar kuɓewa. Bayan azahar maza sukan taru a rumfarsa, shi yana taka keke a hankali don kada ya danne muryar mai labarai, mu kuma yara muna raɓe a jikin zana. Daga nan na fara sanin duniya, kuma duniyar da na sani daga akwatin nan wuta ce kawai take ci. Can ana yaƙi, can sojoji sun ƙwace mulki, can ƙasa ta girgiza ta haɗiye mutane. Ban taɓa jin an ce a wata ƙasa an yi suna lafiya an watse lafiya ba. Na ɗauka Argungu ce kaɗai Allah ya keɓe ya bar ta da zaman lafiya. Abin ya fi damun Inna, don a lokacin yayana Umaru, babban ɗanta, ya tafi Kumasi yana aiki wurin wani mai fataucin goro. Ita kuwa Inna duk ƙasar da ba tamu ba, ƙasar Umaru ce. Ko ina aka ambata da tashin hankali sai ta ce mini, "Ke, ruga ki tambayo tela, wurin ga da anka hwaɗi, kusa da Kumasi na?" Malam Sani, wanda ko Sakkwato bai taɓa wucewa ba, sai ya cire allura daga baki, ya ɗaga kai kamar mai auna hanya, ya ce, "Ki ce mata da sauran tazara." Da wannan amsar Inna take samun cin tuwo. Ita da take tsare kowace mace da tambaya, akwatin nan ba ta taɓa samun idon da za ta kalla ta tambaye shi ba.

Wata damina ruwa ya yi yawa. Karan Baba ya nutse, ya kafa wani a sama, shi ma ya nutse. Fadama ta zama gulbi guda, shinkafar mutane da yawa ta tafi, gidajen da ke can bakin gaɓa suka zube, a wani ƙauye na ƙetare kuma jirgi ya kife da mutane suna ƙoƙarin fitowa. An yi asara, ba ƙarama ba. Mu dai ruwan ya zo har bayan dangarmu ya tsaya, ya kwana biyu yana leƙenmu, sannan ya fara ja da baya. Ana cikin haka, ran nan a rumfar tela, sai muka ji sunan garinmu ya fito daga rediyo, daga wani gidan rediyo na ƙasar waje. Wai ambaliya ta shafe garuruwa a yankin Argungu, ba a san adadin waɗanda suka halaka ba. Baba ya dubi ƙafafunsa, ya dubi na kusa da shi, ya ce, "To, jama'a, ashe mun mutu ba mu da labari." Aka kwashe da dariya, har wasu suna jin daɗi wai yau duniya ta san da mu. Ba wanda ya tuna cewa akwatin da ke magana a rumfar Malam Sani, irinsa yana magana a zangon Kumasi.

Ba zan manta da hantsin nan ba. Inna tana bakin murhu tana guma shinkafar bara da ta rage a rumbu, tururi yana tashi daga babbar tukunya, ni kuma ina baza wadda aka sauke a kan tabarma don ta sha rana. Sai na ji kaji sun watse a bakin zaure. Na ɗaga kai, ga mutum tsaye, babu sallama. Laka har gwiwa, wuya ya rame, idanu jajur, ga wani babban ƙunshi a kansa ya riƙe da hannu biyu. Sai da ya motsa baki na gane Yaya Umaru ne. Bai gaishe da kowa ba. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya dubi ƙannenmu da ke wasa a gindin rumbu, yana bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya kamar makiyayi a bakin garke.

"Baba hwa?" Abin da ya fara fita daga bakinsa ke nan.

"Yana bakin gulbi wurin karanai," in ji Inna, muciya a hannu, ta kasa ko matsowa.

Ya zauna daɓas a ƙasa, ƙunshin ya faɗo ya kwance, farin yadi ya warware a tsakar gida har gefensa ya taɓa shinkafata. Alawayyo ne, sabo fil, bandir biyu. Ni yarinya ce amma na san abin da ake yi da alawayyo. Inna ta dube shi ta ce, "Umaru, mi ka kawo muna haka?"

Ya ce, "Cewa anka yi ruwa ya cinye Argungu, Inna. Nic ce in Allah ya sa na iske ko gawarku ta, kada a rufe ku cikin tsumma."

Daga jin labarin ya tashi. Bai jira a tabbatar ba, don babu wanda zai tabbatar masa. Ya bar aikinsa, ya shiga kasuwa ya sayi likkafanin iyayensa da ƙannensa, ya hau motar goro, ya sauka ya hau wata, ya biyo ta Gaya da Kamba, inda hanya ta yanke ya taka da ƙafa cikin ruwa da kayan a kansa don kada su jiƙe. Duk tsawon tafiyar nan yana mana addu'ar mamata. Inna ta ɗaga muciya ta ɗana masa a kafaɗa, ta ce, "Ja'iri! Da raina za ka naɗe ni?" Sannan ta yar da muciyar ta rungume kansa, tana kuka tana dariya, shi ma babban mutum da gemunsa yana kuka kamar an yaye shi. Shinkafar da ke kan wuta ta ƙone ranar, kuma ba wanda ya kula. Da aka kira Baba ya shigo, ya tsaya ya kalli yadin, ya kalli ɗansa. Can ya ce, "Wanga yaro, ka zo jana'iza ka iske mamata na aikin shinkahwa. Tashi ka wanke ƙahwa." Amma na ga ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Washegari Yaya Umaru bai huta ba. Ya yanki rabin yadin, suka shiga jirgi shi da Baba suka nufi ƙauyen da abin ya faru da gaske, don a lokacin ana ta tsamo waɗanda ruwa ya ci. A can yadin ya yi aikin da aka sayo shi dominsa. Sauran Inna ta naɗe ta sa a ƙasan adakarta, ta ce kada wanda ya kuskura ya yi mata riga da shi. Da Baba ya rasu, a cikinsa aka sa shi. Da ita ma ta ji jiki ya fara ƙi, ta kira ni daga Birnin Kebbi inda nake aure, ta raba abin da ya saura biyu, ta miƙo mini ɗaya ta ce, "Riƙe. Ba don mutuwa ba, don ki tuna an taɓa son mu haka." Aikin Kumasi kuwa Yaya Umaru bai sake samunsa ba, wani aka ɗauka a gurbinsa, ya ƙare rayuwarsa yana noman fadama, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba. Shi ya sa da Allah ya ba ni ɗa namiji na roƙi maigidana Malam a sa masa Umaru, muke kiransa Faruku. Uku na haifa, shi kaɗai ya rayu.

To, dubi yanzu. Labari ya bar ƙafa, ya bar rumfar tela, ya shigo tafin hannun kowa. Ba ya jiran azahar, ba ya ƙarewa, kuma da hoto yake zuwa. Faruku yana can bayan teku amma yakan riga ni sanin abin da ya faru a jiharmu. Zan tashi da safe lafiya lau, in sha kununa, sai waya ta yi ƙara: "Mama, kina lafiya? Kada ki fita yau, an ce an kai hari." In tambaye shi ina, ya faɗi sunan wani gari da ko a zamanin da nake da ƙarfi sai na wuni a mota kafin in kai. Ni ban ce ƙarya ake yi ba, kada a fahimce ni a karkace. Na ga matan da suka baro ƙauyukansu da goyo a baya babu ko tabarma, na zauna da wadda aka ɗauke mijinta a gona, na yi kuka tare da ita. Abin yana nan, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Amma wanda ke can ba abin da ke isa kunnensa sai wannan. Ba wanda zai ɗauki hoto ya aika masa cewa bana shinkafar Zauro ta yi kyau har ana rasa buhu, ko cewa yara sun tafi makaranta sun dawo suna faɗa a kan rake, ko cewa tsohuwa ta hau keke napep ta je kasuwa ta yi ciniki ta dawo ba abin da ya same ta sai tsadar tattasai. Mu da ke nan muna da tsoro muna da sauran rayuwa. Shi tsoron kawai aka aika masa.

Da Malam ya kwanta ciwon ajali, Faruku ya yi niyyar zuwa, har ya sayi tikiti. A makon sai aka yi ta yaɗa hoton wata hanya da aka tare matafiya. Matarsa ta yi kuka, abokan aikinsa suka taru a kansa, ya ɗaga tafiyar zuwa wani watan. Malam bai kai wani watan ba. Da safe ya cika, kafin azahar an kai shi, kamar yadda addini ya ce. Wani ɗan maƙwabta ya ɗaga waya sama a wurin sallar gawa, Faruku yana kallo daga can yana kuka. Na ji tausayinsa, Allah ya sani, don na san yaron nan yana son ubansa. Bayan kwana biyu, yana ba ni haƙuri, sai ya nuna mini wata taswira a waya, wadda hukumar ƙasar da yake ta fitar don matafiya. Duk ɓangarenmu an shafe shi da ja. Ya ce, "Mama, kin gani, cewa suka yi kada a je." Na kawo wayar kusa da ido, na nemi Gwadangaji a cikin jan nan, na nemi Argungu, na nemi gulbi. Babu ko ɗaya. Ja ne kawai, shafe guda, kamar an kifar da kwanon manja.

Kada in cika baki, ni ma akwatin ya taɓa kama ni. Ran nan ina zaune a falo sai talabijin ta nuno ƙasarsu, wai wani ya shiga makarantar yara da bindiga. Na ga iyaye suna gudu, na ga ƙananan jakunkuna a zube a ƙasa. Nan take na lalubo lambar Faruku. Na ce, "Faruku, ina takwarata? Ku tattara ku dawo gida, ƙasar nan taku ba wurin zama ba ce!" Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Mama, nisan garin nan da mu ya fi nisan Legas daga inda kike. Ga ta nan tana cin abinci." Sai na ji kamar Malam Sani tela ne ya cire allura daga baki yana ce wa Inna da sauran tazara. Na ce masa, "To kai ma abin da nake gaya maka ke nan kullum." Ya ce, "Ba ɗaya ba ne, Mama." Ban ja ba. Kowa tsoron wurin da ba ya gani yake yi.

Wadda ke ɗebe mini kewa ita ce maƙwabciyata Maman Obi, 'yar kudu ce mai shagon kayan masarufi a bakin layi. Ta zo garin nan tana amarya, yanzu tana da jikoki, Hausarta har da karin Kabi. Ita kaɗai ke buga ƙofar ƙarfen nan kullum, ta shigo tana cewa, "Hajiya, kina nan ko an sace ki ban ji a labarai ba?" Ita ma nata 'yan'uwan haka suke damunta da waya, wai ta baro Arewa tun ba a kashe ta ba. Ita kuma ga shi shekaru ke nan ba ta je garinsu Kirsimeti ba, saboda abin da take gani a waya game da hanyoyin can. Ranar da ta gaya mini haka muka yi ta dariya har da riƙe ciki, tsofaffi biyu, kowace an hana ta nata. Da dariyar ta ƙare kuma, ba wadda ta kalli 'yar'uwarta.

Makon jiya Faruku ya kira. Na riga na sa an share ɗakin da ya gina don kansu, don ya ce mini bana in sha Allahu. Daga yadda ya tsawaita gaisuwa na san abin da ke tafe. Ya ce, "Mama, mun duba, abubuwa ba su lafa ba tukuna. Mu ga baɗi." Ban taɓa ba shi labarin alawayyon nan duka ba, ya dai san sunan kawunsa ya ci. Ranar na ba shi, tun daga rumfar tela har zuwa muciyar Inna. Na ce, "Ban ce ka jefa kanka da iyalinka cikin halaka ba, ɗana. Ka tambayi mutanen da ke nan, su gaya maka hanyar da ake bi da lokacin da ake bin ta, kullum mutane suna zuwa suna komawa. Amma mai sunanka labarin ƙarya ya ji ya taso, ya same mu da rai. Kai kana jiran labari mai daɗi daga bakin waɗanda ba sa kawo shi. Labarin da zai taso da kai guda ɗaya ne, kuma ranar da ka ji shi, ko a iska ka zo ba za ka same ni ba." Na ji dai numfashinsa, sannan na ji ƙaramar murya ta karɓi wayar tana cewa, "Kaka, ina kwana," da la'asar sakaliya, don gaisuwar da ta iya ke nan. Na ce, "Lafiya lau, takwara." Daga nan layin ya yanke, ban sani ba ko sabis ne.

Da gari ya waye na buɗe adakar Inna na ciro yadin. Ya yi ruwan ƙwai saboda daɗewa, ya yi laushi, wajen ninkin har ya fara sirancewa. Na wanke shi da hannuna a hankali, na shanya a igiya. Maman Obi ta shigo ta gan shi yana kaɗawa, ta tsaya, ba ta yi barkwancin da ta saba ba. Shekarunta a cikinmu sun isa ta san ko mene ne. Da ya bushe ta kama mini gefe biyu muka ninke, na nuna mata inda nake ajiye shi da inda mabuɗin yake, na ce idan ranar ta zo ta gaya wa matan da za su yi mini wanka, kada a je kasuwa neman wani. Ta ce, "Hajiya, ki bar wannan magana, zai zo." Na ce Allah ya sa.

Ɗakin nasu na bar shi a share. Har yanzu idan mota ta rage gudu a bakin layi sai na ɗaga kai daga kujerar nan, in kasa kunne ko za ta tsaya, sai in ji ta wuce. Yaya Umaru ya zo da likkafani ya tarar da mu da rai. Ni ga likkafanin a ninke, ga ni da rai, mai zuwan ne babu.